Kafaɗar Hannah a Cikin Kwamfuta

Ranar da na fara ganin Hannah, korarta na yi. Gara in faɗi wannan tun farko, kada wani ya karanta abin da na rubuta ya ɗauka ni ma wata jaruma ce. Ma'aikaciyar ofis ce ni a lokacin, sunana Zuhra, shekarata ashirin da huɗu, ina da takardar shaidar iya buga rubutu da kuma wani girman kai da na kwaso daga Ikko. Kamfanin gine-ginen da nake wa aiki ne ya kawo mu Abuja a daminar 1991, saboda an ce kafin shekarar ta ƙare gwamnati za ta tattaro kujerarta ta dawo nan, kuma akwai wani bene mai hawa huɗu a Garki da dole mu gama kafin ma'aikata su iso. Ba zan faɗi sunan kamfanin ba. Ya daɗe da rushewa, ni kuma ban yi masa kuka ba.

Kwamfuta ɗaya ce tak a duk wurin aikin, tana cikin wani ɗakin katako mai na'urar sanyi. Injiniya Lukmanu, wani siririn Bazazzagi mai tabarau, shi yake lissafin ginshiƙai da ita, ni kuma nake shigar masa da lambobi. Na ɗauki ɗakin nan kamar na gada. Na kafa dokar cire takalmi, na ɗinka wa na'urar mayafi, ko direba ya leƙo sai ya sha harara.

Wata ranar Laraba da hantsi sai ƙofar ta buɗe ba sallama. Wata mace ce doguwa, baƙa, za ta yi shekara arba'in, ƙafafunta jage-jage da taɓo da siminti har idon sawu, riƙe da wata takarda da ta yago daga jikin allon sanarwa.

"Kai, yarinya, ina oga?"

Hausarta irin ta mutanen nan ce, mace da namiji duk "kai" ne a wajenta. Na miƙe a fusace na ce ta fita, nan ba wurin leburori ba ne, dubi yadda ta ɓata mana ɗaki da ƙasa.

Ta dubi ƙafafunta, ta ɗago ta dube ni, ba ko gaggawa.

"Wannan ƙasa da kake zagi, gonan babana ne. Doya muke shukawa a nan inda ka sa kujeranka. Ina oga?"

Na nuna mata ƙofar manaja da hannu, na bi ta a baya, don manajan ba ya jin Hausa, ni nake yi masa tafinta.

Abin da na sani game da rayuwarta kafin wannan rana, daga baya ta riƙa ba ni shi, kaɗan-kaɗan, a cikin shekaru masu yawa. An haife ta a wani ƙauye gefen tsohuwar Wuse. Gbagyi ce, mu Hausawa muna cewa Gwari, ita kuwa in ka kira ta haka sai ta yi kamar da bango kake. Matan Gbagyi ba sa ɗaukar kaya a ka. A kafaɗa suke ɗorawa, itace ne, doya ce, tulun ruwa ne. Hannah ta ce tana shekara bakwai ta ga masu tallan fura sun wuce da ƙwarya a ka, abin ya ba ta sha'awa, ta ɗauki ƙwaryar uwarta ta ɗora ta fara rangwaɗa a tsakar gida. Uwar ta kaɗe ƙwaryar da mari ɗaya, ta ce mata kai shi ne sarkin jiki, shi yake tunani, shi yake gani, shi yake ji, ba a mai da shi jaki. Tun daga ranar ko ganye bai sake hawa kanta ba.

Ta yi aure da wani manomi, Silas. Da aka fara gina sabon birni sai manyan motoci suka zo suka kwashe su zuwa Sabon Wuse, can hanyar Kaduna. Dutsen niƙanta ma'aikata suka ce ya yi nauyi, ba za a loda ba. Ta saɓa shi a kafaɗa ta hau da shi motar da kanta. Abin da ba ta iya ɗauka ba shi ne kabarin ɗanta na fari, wanda yanzu titi ya bi ta kansa. Ƙasar da aka ba su ba ta karɓi doya kamar tasu ba. Silas ya yi ta fama da ita shekara shida, ciwo ya kwantar da shi, ya rasu ya bar mata yara uku. Babbar, Rita, tana sakandare. Shi ya sa Hannah ta dawo ta kama ɗaki a ƙauyen Garki, ta shiga leburanci, tana ɗaukar kankare a kwanon sarki. Da wannan aikin take ciyar da yaran, da shi Rita take makaranta, babu wani abu bayansa.

Takardar da ta yago, ni na buga ta kwana biyu da suka wuce. Mista Alexander, sabon manajan da aka turo daga Ikko, ya ga leburori suna yawan zuwa wurin nas da ciwon baya, aiki yana tsayawa. Ya leƙa ta taga ya hango mata suna hawa katako da kwano a kafaɗa, jiki a karkace, shi ke nan ya gano cutar. Ya sa na rubuta cewa daga Litinin mai zuwa duk lebura zai ɗauki kaya a ka, wanda ya ƙi ya nemi wani aikin. Matan Gbagyi ashirin da uku ne a wurin. Bai tambayi ko ɗaya daga cikinsu ba, ni ma da na buga ban tambaya ba.

Hannah ta shimfiɗa masa takardar a kan tebur.

"Ka gaya masa," ta ce da ni, "masu ciwon baya, nawa ne namu, nawa ne masu ɗauka a kai?"

Na fassara. Mista Alexander ya ce shi ba gardama ya zo yi ba, ko'ina a duniya a ka ake ɗaukar kwano, kuma don lafiyarsu ya yi.

"Ka ce masa lafiyana yana hannun Allah, kaina kuma yana hannuna."

Ina cikin neman yadda zan sassauta wannan a Turanci sai Injiniya Lukmanu, da ke tsaye bakin ƙofa, ya yi gyaran murya. Ya ce ai abin nan ana iya gwada shi. A ba shi mako biyu, kwamfuta za ta faɗi wanne ya fi cutar da baya.

Ashe abin da ya karanta ke nan a Ingila. Digirinsa na biyu a kan ƙashin baya ya yi shi, tare da wasu likitoci, ya dawo gida bai samu mai buƙata ba, ya koma lissafin ginshiƙi. Shekara biyar yana jiran wanda zai tambaye shi. Manaja ya yarda ya ɗage dokar, don ya tabbata na'ura ba za ta goyi bayan lebura ba.

Ni da farko na ɗauka wasa ne. Lukmanu ya zaunar da ni ya zana mini. Ya ce ƙashin baya ba sanda ɗaya ba ce, ƙananan ƙasusuwa ne a jere, tsakanin kowane biyu akwai wani guringuntsi mai kama da waina, gefensa da ƙarfi, tsakiyarsa da laushi da ruwa-ruwa. Shi ne yake shanye nauyi. In aka matsa masa fiye da kima sai ya lotsa, ko gefensa ya tsage tsakiyar ta bulluƙo ta danne jijiya, mutum ya kasa miƙewa. Ba za a yanka mai rai a auna ba, don haka sai a gina guringuntsin a cikin kwamfuta: a daddatsa shi gunduwa-gunduwa, ɗaruruwa, a gaya wa na'ura taurin kowace gunduwa, a ɗora nauyi, ita kuma ta lissafa inda aka fi matsewa. Da manhajar da muke auna ginshiƙai ya yi, bai sayi komai ba.

Kwana shida ina buga lambobi har yatsuna suka yi tsami. In muka tayar da lissafin da safe sai la'asar yake ƙarewa, in janareta bai yi tari a tsakani ba. Sau biyu ya yi, sau biyu muka faro daga farko, na zagi mai janareta har kakansa. Ran na bakwai firinta ta yi ta ƙara, ta fito da hotuna biyu. A na masu ɗauka a ka, guringuntsin ya yi toka-toka daidai ko'ina. A na kafaɗa, gefe ɗaya ya yi baƙi ƙirin.

Lukmanu ba mugu ba ne. Ya ce kafin ya kai wa manaja sai ya nuna wa Hannah, ya yi mata bayani a hankali. Tausayinta yake ji, irin tausayin mai ilimi, wanda ya fi zagi ciwo.

Ta zo lokacin hutun rana. Wannan karon ta tsaya ta kankare ƙafarta a bakin ƙofa, tana kallona tana murmushin tsokana. Ya nuna mata baƙin wurin, ta ce ba shi take son gani ba, ya nuna mata mutumin. Ya jawo zanen da ya yi da fensir: mutum a tsaye ƙyam, da kibiya tana nuna can ƙarshen kafaɗarsa.

"Wannan wane ne?"

"Misali ne, Mama. Kamar ke ce."

"Ni?" Ta kai fuskarta kusa da takardar. "Wannan falwayan lantarki ne. Wa ka taɓa gani ya ɗauki kaya a nan? Injiniya, wata nawa kana wurin nan?"

"Wata huɗu."

"Wata huɗu muna wucewa ta gaban taganka. Ka taɓa duba mu?"

Ya gyara tabarau. Gaskiyar ita ce shi ɗan gidan da ake ɗaukar kaya a ka ne, kamar ni. Da ya ji an ce kafaɗa sai ya tuna yadda namiji yake saɓa buhu ya ruga da shi taku goma, ya zana haka. Matan suna gabansa kullum, amma daga kansa ya ɗauko hoton.

Ta sake tambaya, shi wannan taurin guringuntsin da ya gaya wa injin, a ina ya samo? Ya ce a littafi. Su masu littafin fa? Ya ce an auna ne a jikin waɗanda suka mutu, a can Turai.

Hannah ta yi dariya har ta dafa teburina.

"Gawan Bature ne zai koya mini ɗaukan kaya. To, Injiniya, tashi. Cire wannan takalmin mai ƙyalli."

Ban taɓa zuwa inda ake kwaɓa kankare ba sai ranar. Na bi su da littafi da biro, ina ɗage zani. Hannah ta sa aka cika kwano, mata biyu suka ɗaga suka ɗora wa Lukmanu inda ya zana, a ƙarshen kafaɗa. Taku uku ya yi kankaren ya zube masa a wando. Leburori suka kwashe da dariya, shi ma don dole ya taya su.

Sannan ta ce ya duba. Ta ninke wani tsumma ta shimfiɗa tsakanin wuyanta da allon kafaɗa, dab da dokin wuya. Ba ta sunkuya ta ɗauka daga ƙasa ba. Wata 'yar'uwarta lebura ce ta ɗaga, ita kuma ta ɗan rusuna da gwiwa ta shige ƙarƙashin kwanon. Ta kautar da kai gefe, ta tallafe da hannu ɗaya, ta karkata jiki daidai yadda nauyin zai sauka ta tsakiyarta. Ta kama hannun Lukmanu ta ɗora a gadon bayanta, ta ce ya bi ta a haka. Suka hau katakon tare, shi yana tuntuɓe. Da ta sauko za ta ɗauki na biyu sai ta mai da tsumman ɗaya kafaɗar. Haka suke yi, sawu ɗaya dama, sawu ɗaya hagu, tun suna yara.

"Saura abu ɗaya," in ji ta. "Kilo nawa ka ba mutuminka?"

Ya ce ashirin, haka littafin gini ya ce kwano yake ɗauka. Ta aika aka ɗauko sikelin ma'ajin siminti. Aka ɗora kwano kamar yadda helma, shugaban leburori, yake sa a cika shi tun da aka fara gaggawa, an yi masa tozo har yana zuba. Allurar ta wuce talatin da biyar. Na ga Lukmanu ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya sake dubawa.

Kwana uku ya yi a rana da tef da agogo, yana auna inda kwano yake zama a jikin kowace mace, da yadda take karkata, da sawu nawa take yi kafin ta huta. Ya auna masu ɗauka a ka su ma. Fatarsa ta yi duhu, matan suka sa masa suna Falwaya, yana amsawa. Ni kuma na sake zama na buga lambobi daga farko, wannan karon ba tsaki. A saman aikin, inda ake sa suna, ya ce in rubuta HANNAH.

Sakamako na biyu bai yi wa kowa daɗi ba. Hotunan biyu sun kusa zama ɗaya. Lukmanu ya ce bambancin da ke tsakanin kai da kafaɗa, a can ƙasan baya inda leburori suke kuka, bai kai wanda zai rantse a kansa ba, balle da lambobin da aka aro daga gawar wasu. Amma da ya ƙara nauyin zuwa na gaskiya, ya sa sawu bayan sawu ba hutu, sai duka hotunan suka yi baƙi, na kai da na kafaɗa. Ya ce guringuntsi yana matse ruwansa a hankali in ana ta danna shi, sai an sarara masa yake sake sha. A lissafinsa, tozon kwanon da rashin hutu ne suke cin bayan mutane.

Ya gaya wa Hannah haka, yana ta ba ta haƙuri.

"Mama, ban ce kafaɗa ta fi ba fa. Ba zan iya rubuta abin da ban gani ba."

"Wa ya ce ka rubuta? Ni ban zo neman in fi kowa ba."

Ni ce na kasa riƙe bakina. Na ce to, Maman Rita, da injin ya ce kai ya fi fa, ya za ki yi?

Ta dube ni kamar na tambaye ta ko ruwa yana jiƙa.

"Sai injin ya ɗauka a kansa."

A nan na gane cewa duk wahalar da muka sha, ba hukunci take jira daga wurinmu ba. Abin da ya dame ta shi ne kada a yi ƙarya da sunanta, a zana falwaya a ce ita ce.

Ran Juma'a Lukmanu ya kai rahoton, shafi shida, da hotuna. Ya rubuta a rage cikin kwano, a ba da hutu bayan kowane sawu goma, a bar kowa ya ɗauka yadda ya saba. Ina tsaye Mista Alexander ya karanta shafin farko, ya tsallaka zuwa na ƙarshe, fuskarsa ta canza. Rage kwano yana nufin ƙarin kwanaki, ga Disamba tana matsowa. Ya ce kuma an riga an liƙa sanarwa, in ya janye, gobe kowane lebura zai shigo masa ofis da ƙafar taɓo. Lukmanu ya yi ta bayani. Manaja ya buɗe aljihun tebur, ya saka rahoton, ya rufe, ya ce doka tana nan ranar Litinin. Sannan ya juyo ya ce in sake buga sanarwar, tunda an yage ta farko.

Na buga. Wannan ne abin da har yau nake jin kunyarsa. Ina da aiki mai sanyi da albashi, na ji tsoro, na buga, na kai da hannuna na liƙa.

Litinin da safe duk wanda ke wurin ya san abin da ake jira. Helma ya tsaya gaban injin kwaɓa kankare da tarin gammo da aka saya sababbi, yana miƙa wa kowace mace ɗaya. Da ya zo kan Hannah ta karɓa, ta juya shi, ta yaba ɗinkin, ta mayar masa. Ta shimfiɗa tsummanta a kafaɗa, ta ce wa ta kusa da ita ta ɗaga mata.

"Maman Rita, kin san doka," in ji helma. Shi ma ba daɗi yake ji ba.

"Na sani. Wannan an riga an cika, ba kyau ya bushe."

Ta hau. Hawa uku ta yi da shi a kan katako, ba ta yi sauri ba, ba ta tsaya ba, injin ma aka kashe ana kallonta. Ta juye kankaren inda ake zubawa, ta sauko, ta je famfo ta wanke kwanon tas, ta zo ta kife shi a gaban helma. Mista Alexander yana tsaye a ƙofar ofis, ni ina bayansa. Ta ɗaga murya kaɗan yadda zan ji.

"Yarinya, ka gaya wa oga. Sun ce mu tashi daga gida, mun tashi. Sun ce mu bar gona, mun bari. Yarona yana ƙarƙashin titinsu, ban ce komai ba. Kai ɗin nan shi kaɗai ya rage ban ba kowa ba, kuma ba zan bayar ba."

Wannan karon ban sassauta ba. Na fassara masa kalma da kalma, abin kirki ɗaya da na yi a duk shekarar ke nan.

Mata goma sha takwas suka kife kwanoninsu suka bi ta. Huɗu suka tsaya. Ɗaya daga cikinsu, wadda mijinta yake kwance, ta ɗora gammo a ka tana hawaye. Hannah ta dawo da baya, ta dafa ta, ta yi mata magana da yarensu a hankali, sannan ta wuce. Ban taɓa jin ta zagi matan nan huɗu ba, ko sau ɗaya.

An gama benen a kan lokaci, da wasu leburorin. Ma'aikata suka zo daga Ikko suka cika shi. Hannah ta sha wuya a shekarar, ba zan ɓoye ba. Rita ta zauna gida zango biyu kafin ta koma makaranta. Uwar ta fara sarin doya daga ƙauyuka tana kawowa kasuwar Wuse, daga inda mota ta sauke har rumfa a kafaɗa, wani lokaci sawu goma sha biyar kafin azahar. A can na sake samunta bayan wata uku, na tsaya nesa ina jin nauyin ƙarasawa. Ita ta hango ni.

"Kai, mai dokan takalmi. Zo ka sayi doya, ba a cire takalmi a nan."

Shekara ashirin da 'yan kai ina sayen doya a wurinta. Ta ga aurena, ta ga 'ya'yana, ta koma kirana Hajiya in tana son tsokana. Rita ta zama malamar firamare. Lukmanu kuwa bai cika shekara ba ya ajiye aiki ya koma jami'a, ya ci gaba da gina guringuntsi a kwamfutoci da suka fi tamu sau dubu. Ya gaya mini duk ɗalibin da ya zo masa, kafin ya taɓa na'ura sai ya tura shi kasuwa mako guda ya kalli yadda mutane suke ɗaukar kaya. Hannah da ta ji haka ta ce ashe Falwaya ya yi hankali.

A 2014 ƙafarta ta hagu ta fara ja. Ta ɓoye, har ranar da ta kasa tashi daga kan buhu a rumfa. Rita ta kira ni, ni na kira Lukmanu, ya taso daga Zariya da furfurarsa, muka kai ta asibiti aka ɗauki hoton bayanta. Likita ya yi nasa bayanin da Turanci ya fita. Lukmanu ya ɗaga hoton a jikin taga, ya daɗe yana kallo. Na san abin da yake gani, don ni ma na gane shi: shi ne baƙin hoton nan da firintarmu ta fitar a sakamako na biyu, sai dai wannan na mutum ne.

Hannah tana kwance a kan gado, ta ce ya daina ɓoye fuska ya faɗa mata.

"Mama, guda uku na ƙasa sun lotse. Ɗaya ya danne jijiya. Nauyi ne, shekara da shekaru. Ba za ki sake ɗaukar kaya ba."

"A kai ko a kafaɗa?"

"Ko'ina."

Rita ta juya baya tana share ido, ni ma na sunkuyar da kai, don ina ƙaunar matar nan, kuma na san wani yanki na nauyin da ya lotsa ta da hannuna na buga shi. Hannah ta miƙa hannu aka ba ta hoton. Ta juya shi sama da ƙasa, ta bi jerin ƙasusuwan da yatsa har inda hoton ya ƙare.

"Bai kai kai ba," ta ce. "Kan fa, Injiniya?"

"Ba abin da ya same shi, Mama. Lafiyarsa ƙalau."

Ta mayar masa da hoton, ta gyara kwanciya, ta ɗora kan a tsakiyar matashi.

"To," in ji ta. "Shi nake tsaro dama."